Yadda Ake Juya Awon Kofi Zuwa Mililita, da Mililita Zuwa Kofi, a Girki

Shekarar da na fara yin kek na sayarwa a nan unguwar Mabera cikin Sakkwato, ƙanwar maigidana ta haihu, aka ce ni zan yi kek ɗin suna. Na ɗauko wani haɗi da na kwafo daga intanet: fulawa kofi 3, madara mil 240, da sauran tarkace. Madarar na auna ta da fidar yarona, daidai kan layi. Fulawar kuwa na ɗebo ta da kofin shayin maigida, wani ƙaton kofin tangaran mai hannu, tunda ai kofi aka ce. Da Hajiya uwar mijina ta gutsuri kek ɗin, ta tauna, ta ƙara taunawa, sai ta ce, "Ɗiyata, mi kinka zuba ciki? Wanga ai hoce na." Washegari na auna kofin nan, ashe mil 350 yake ci. Inda ake son fulawa ta mil 720, ni ta 1,050 na zuba.

Kofi a bakin masu rubuta haɗin girki ma'auni ne mai adadi, ba duk abin da aka sha shayi da shi ba. Mililita kuwa, wadda muke ce wa mil kamar yadda ake faɗa a kemis, ɗaya ce ko'ina a duniya: mil 1,000 ne lita 1. Shi ya sa aikin duka ya tattara a wuri guda, wato ki san mil nawa kofinki yake ci. Sauran duk lissafin firamare ne.

Kayan aiki

Idan da hali, ki sayi jerin kofunan awo, irin masu shiga cikin juna guda huɗu ko biyar, da jerin cokulan awo, da kofin awo na roba mai haske wanda aka ja wa layuka a jiki. Masu sayar da kayan kek a Babbar Kasuwa suna da su. Ƙaramin sikelin kicin mai batir ya fi su duka amfani, amma ba dole ba ne a farko.

Idan babu halin waɗannan, ga abin da zai tsaya a madadinsu: sabon sirinji na mil 10 ko 20 daga kemis (ki cire allurar ki zubar da ita inda yara ba za su kai ba), ko fidar jarirai mai layin awo, ko ɗan murfin nan da ke zuwa kan kwalbar maganin tari, ko ledar ruwa guda. Sai kofin gilashi ko na roba da ake ganin cikinsa, wanda faɗinsa ɗaya ne daga gindi har baki. Sai abin yin alama. Ni jan farce nake sa wa a bayan kofi, don biro da maka duk wanki ɗaya suke tafiya. Sai wuƙa mai miƙaƙƙen baya, da littafi da biro.

1. Gano kofin wace ƙasa mai haɗin yake nufi

Ko a cikin masu awon ma, kofi ba ɗaya ba ne. Na Amurka mil 236.6 ne in za a bi diddigi, amma kowa 240 yake ɗauka, kuma 240 ɗin suke bugawa a bayanin jikin kayan abincinsu. Na Ostireliya da Niyu Zilan mil 250 ne cif. Na Japan 200. A tsofaffin littattafan girkin Ingila, irin waɗanda ake tsinta wurin masu sayar da littattafan gwanjo, kofi mil 284 ne, amma Turawan Ingila na yanzu da giram da mil suke rubutu.

Ta yaya za ki gane in ba a faɗa ba? Ki dubi zafin gashin da aka rubuta. Idan kika ga 350 da harafin F, haɗin Amurka ne, kofinsa 240. Idan kika ga 180 da harafin C, ya fi yiwuwa 250 ne. Zafin kusan ɗaya ne, ma'aunin ne daban. Haka kuma idan ana ƙirga bota da sanda-sanda, na Amurka ne: sanda ɗaya rabin kofi ce, giram 113.

Masu koyar da girki na nan gida kuwa kowa da jerin da ta saya. Ki juya hannun kofinki ki duba, galibi an buga adadin a jiki: 250, ko 240, wani ma 237.

Akwai wani ɗan kofin roba da ke zuwa cikin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wadda alhazai kan kawo tsaraba. Wannan mil 180 ne, kuma layukan ruwan da ke cikin tukunyar da shi aka yi lissafinsu. Kada ki haɗa shi da kofin kek. In ya ɓata, kashi uku cikin huɗu na kofin 240 shi ne daidai shi.

Bambancin 240 da 250 ba abin tada hankali ba ne a girkin gida. Cokalin shayi biyu ne a kowane kofi. Matuƙar da kofi ɗaya kika auna komai, fulawa da sukari da madara, haɗin zai tafi daidai. Inda gizo ke saƙa shi ne irin abin da ya same ni, a ba da wani abu da kofi, wani da mil, a cikin haɗi guda.

2. Auna kofin gidanki

Wannan aikin sau ɗaya ake yin sa, kuma ko kin sayi jerin kofunan awo ina ba ki shawara ki yi, don na taɓa sayen wani mai araha da aka rubuta 250 a hannunsa, da ƙyar ya ci 220.

Ki ajiye kofin a wuri mai daidai, kan tebur ko daɓen siminti, ba kan tabarma ko cinyarki ba. Sai ki bi ɗaya daga hanyoyin nan, gwargwadon abin da ke hannunki.

Da sikeli: ki ɗora kofin babu komai a ciki, ki danna maɓallin da ke mai da lamba sifili, ki zuba ruwa a hankali har lamba ta kai giram 240. Ruwa shi kaɗai ne giram ɗinsa da mil ɗinsa suke tafiya kai ɗaya, giram 1 mil 1. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace inganci.

Da sirinjin mil 20: zuƙowa 12 ne mil 240. Amma kada ki zuba su duka sannan ki yi alama. Bayan zuƙowa 3 ki tsaya ki ɗiga jan farce a daidai saman ruwan, wannan shi ne kwata, mil 60. A ta 4 ki sake alama, kashi ɗaya cikin uku ke nan, mil 80. A ta 6 rabi, a ta 8 kashi biyu cikin uku, a ta 9 kashi uku cikin huɗu, a ta 12 cikakken kofi. Da zama ɗaya kin samu duk awon da za ki taɓa buƙata. Ki ƙirga da ƙarfi, ko ki ajiye ƙwayar wake duk zuƙowa, domin yaro ɗaya ya kira ki kin manta ko a ta bakwai kike ko ta takwas.

Da fida: layukanta na nan a rubuce, ki cika zuwa 120 ki juye sau biyu. Ki lura gefe biyu gare ta, ɗaya ml, wato mil, ɗaya oz, wani awon Turawa. Gefen ml za ki bi.

Da ledar ruwa: an rubuta 50cl a jikinta, wato mil 500. Ki samu kofuna biyu iri ɗaya, ki raba ruwan har su yi kai ɗaya, kowanne ya zama kusan 250. Wannan hanyar ta rashin abin yi ce, domin injin cika leda ba kullum yake cikawa daidai ba. Ta isa zoɓo da miya, amma kek ɗin kuɗin mutane ki nemi sirinji.

Kada ki raba kofi mai tsukakken gindi da ido ki ce nan ne rabi. Rabin tsayinsa bai kai rabin cikinsa ba, tunda sama ta fi faɗi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a irin wannan kofin ko kimar ba ya sani.

Gwangwanin madarar ruwa, wanda iyayenmu suka saba awo da shi, shi ma ki auna naki. Wanda nake amfani da shi ya ci wajen mil 170 in an cika shi taf, don haka gwangwani 3 nake ɗauka a matsayin kofi 2 idan aikin ba mai tsanani ba ne. Lambar da aka buga a jikinsa nauyin madarar ciki ce, ba faɗin gwangwanin ba, kuma gwangwanayen ba girmansu ɗaya ba. Wanda kika auna ki ajiye shi, ki dadde bakinsa da dutse kada ya yanke ki.

3. Cokula

Ƙaramin cokali, wanda ake rubuta wa tsp, mil 5 ne. Babba, mai tbsp, mil 15. Ƙanana 3 ne babba 1, manya 16 ne kofi 1 na 240, manya 4 kwata. Ostireliya ce kawai ta fita daban, nata babban cokalin mil 20 ne.

Haruffan nan biyu sun ɓata wa mutane da yawa kwaɓi. Harafin b ɗaya ne tsakaninsu, amma ninki uku ne. Ki zuba babban cokalin gishiri inda aka ce ƙarami, ko na bakar hoda, ki ji yadda ɗaci zai kama harshe. Wasu ma T babba da t ƙarama kawai suke sawa.

Cokulan cin abincinmu ba na awo ba ne, wani ya ci mil 8, wani 12. Ki zuƙo mil 5 a sirinji ki matsa cikin ƙananan cokulanki ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika daidai bai zuba ba ki ɗaura masa zare a wutsiya ki ware shi. Haka za ki yi wa manya da mil 15. Murfin maganin tari ma ya isa aunin kayan ƙamshi na ruwa, in an wanke shi sosai.

4. Daga kofi zuwa mil

Ki ninka yawan kofin da 240, ko da 250 in shi ne kofin mai haɗin. Kofi 2 mil 480 ne, kofi 3 mil 720, kofi 2 da rabi mil 600. Gutsattsarin su ne ya kamata ki haddace:

Kwata, mil 60
Ɗaya cikin uku, mil 80
Rabi, mil 120
Biyu cikin uku, mil 160
Uku cikin huɗu, mil 180

Na fi son aiki da 240 saboda yana rabuwa biyu, uku, huɗu, shida, takwas, ba ya barin ɓurɓushi. Shi 250 rabinsa ne kawai mai daɗi, 125. Kwatansa 62 da rabi, ɗaya cikin ukunsa 83 da 'yan kai. Amfaninsa a lita yake: kofi 4 lita 1 cif, kofi 2 ledar ruwa guda. Don haka ni kek da cincin da dubulan da 240 nake yi, zoɓo da kunun aya da 250.

5. Daga mil zuwa kofi

Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, don suna danna waya ta ba su amsa irin 1.458, su tsaya suna kallonta. Ba haka ake yi ba. Ki cire cikakkun kofuna tukuna, abin da ya rage ki nemo masa gutsure a jerin sama, in da sauran canji ki biya shi da cokali. Kamar bayar da canji ne a shago, manyan kuɗi a fara, sannan ƙanana.

An ce madara mil 300. Cire 240, saura 60. Kofi 1 da kwata.

An ce ruwa mil 400. Cire 240, saura 160. Kofi 1 da biyu cikin uku.

An ce mai mil 150. Bai kai kofi ba. Rabi 120 ne, saura 30, wato manyan cokula 2.

An ce mil 100. Ɗaya cikin uku 80 ne, saura 20, babban cokali 1 da ƙarami 1. Mutane da yawa suna ɗaukar mil 100 a matsayin rabin kofi. A miya ba komai, a kwaɓin kek ƙarin mil 20 na mai ana ganinsa a gindin gwangwani.

An ce mil 350. Wani lokaci ragewa ta fi sauƙi: kofi 1 da rabi 360 ne, ki auna hakan ki kwashe ƙananan cokula 2.

Lita 1 da kofin 240 kuwa kofi 4 ne, da manyan cokula 2, da ƙanana 2.

Mu da muke kusa da Illela, kayan Ƙonni ta Nijar na shigo mana, kuma 'yan uwanmu mata na Nijar masu koyar da girki a waya da awon Faransa suka saba. A wurinsu za ki yawaita ganin cl, wato santilita. Sifili ɗaya za ki ƙara: 25cl mil 250 ne, 10cl mil 100. In kika ga dl, sifili biyu: 2dl mil 200. Ita ce cl ɗin da ke jikin kwalaben lemo, don haka kwalbar 35cl mil 350 ce, gwangwanin 33cl mil 330, robar ruwa ta 75cl kofi 3 na 250. Sai dai ki tuna awon yana tsayawa ne inda lemon ya tsaya a wuyan kwalba, ba a bakinta ba.

Saura oz. Idan abu mai ruwa ne, ko an rubuta fl oz, kowane ɗaya kusan mil 30 ne, 8 su ne kofi. Idan gari ne ko bota ko nama, to nauyi ake nufi, kusan giram 28. Fulawa oz 8 ta kusa kofi 2, ba kofi 1 ba.

6. Yadda ake zubawa da karantawa

Lissafi na iya yin daidai hannu ya ɓata shi.

Abu mai ruwa: kofin a ƙasa, ke ki sunkuya idonki ya yi daidai da layin. Idan kika ɗaga kofin sama a hannu zai karkace, idan kika leƙa daga sama layin zai yaudare ki. Saman ruwa a cikin kofi yakan ɗan lotsa a tsakiya ya hau a gefe, tsakiyar ake dubawa. Madarar gari da kika dama, ki bari kumfar ta kwanta tukuna.

Zuma, ko narkakken sukarin alkaki, ki fara shafa ɗan man gyaɗa a cikin kofin, za ta sulale ta fita ba ta bar rabin cokali a bango ba. Manja in ya daskare da hunturu ki ɗan ɗumama shi kafin awo.

Fulawa ita ce mai rigima. Kofi ɗaya na iya ɗaukar giram 120, yana iya ɗaukar 150 ko fiye, ya danganta da yadda aka cika shi. Idan kika cusa kofin cikin buhu kika ɗebo, kin danne ta. Yadda ake yi: ki tankaɗe ta ko ki motsa ta da cokali ta saki jiki, ki riƙa ɗiba da cokali kina zubawa a kofin har ya yi tozo, sannan ki shafe tozon da bayan wuƙa. Kada ki girgiza, kada ki bubbuga gindin kofin a tebur, kada ki danna da yatsa. Hannunmu ya saba da awon kasuwa, inda mai awo ke tara hatsi ya yi tozo har yana zuba, mai saye kuma na cewa a ƙara gyara. Awon littafi shafaffe ne, kofi da cokali duka, sai fa in an ce mai tozo.

Sukari da gishiri da shinkafa ba su da wannan matsalar, ki ɗebo ki shafe.

Bota a watan Afrilun Sakkwato ba ta buƙatar dabara, kafin ki gama fasa ƙwai ta yi laushi. Ki danna ta cikin kofin da bayan cokali kada ta bar rami, ki shafe. Idan daga firji ta fito da tauri, ki zuba ruwan sanyi zuwa layin 120, ki riƙa jefa gutsattsarin bota kina danna su ƙarƙashin ruwan da tsinken cokali mai yatsu har ruwan ya hau 240. Botar da ke ciki rabin kofi ce. Ki tsiyaye ruwan.

Wani abu da babu mai rubuta shi a haɗin ƙasashen waje: fulawar da ta kwana cikin iskar hunturunmu ta bushe ƙarau, tana shan ruwa fiye da ta watan Agusta. Saboda haka a kwaɓin fanke ko cincin ko burodi, ba na juye ruwan da aka ce gaba ɗaya. Nakan rage manyan cokula 2 ko 3 a gefe, in kwaɓa, in ji a hannuna. Da damina sau da yawa ba na ƙara su, da hunturu har nakan ɗora wani a kai.

7. Kada ki haɗa mil da giram

Mil faɗin wurin da abu ya cika yake aunawa, giram nauyinsa. A ruwa ne kawai suka zo ɗaya, madarar ruwa ma ta kusa. Wata ɗalibata ta ga fulawa giram 250, ta ce ai kofi 1 ke nan tunda kofinta 250 ne. Rabin abin da ake so ta zuba, kwaɓin ya fito kamar ƙullun masa.

A kofin 240, shafaffe, fulawa giram 120 zuwa 125 ce. Sukari giram 200. Man gyaɗa kusan 220, don mai ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake tasowa sama a miya. Bota 227. Zuma wajen 340. Kin ga kofi ɗaya ne, amma zuma ta kusa ninka fulawa uku a nauyi.

To idan an ba ki giram kuma ba ki da sikeli, ki raba da adadin wannan abin, ba da 240 ba. Fulawa giram 500 kofi 4 ce. Kilo 1 kofi 8. Sukari giram 300 kofi 1 da rabi. Bota ta giram 250 kofi 1 ce da kusan babban cokali 1 da rabi. Layukan giram da ake bugawa a jikin wasu kofunan roba, wani gefe na sukari wani na fulawa wani na shinkafa, kintace ne, kuma in kika karanta gefen da ba shi ba kin shiga uku.

Idan sana'a za ki yi da gaske, ki tara kuɗin sikeli. Ranar da na fara auna fulawa da shi na daina jin "na wancan satin ya fi laushi".

8. Ninkawa don biki ko sayarwa

Kada ki ninka gutsattsari, kwata sau bakwai da ɗaya cikin uku sau bakwai za su juya miki kai. Ki mai da komai mil, ki ninka, sannan ki mayar da shi babban ma'auni.

Misali zoɓon azumi. A ce haɗin da kika gwada ya yi miki daɗi shi ne ruwa lita 2 da sukari kofi 1 da rabi, yanzu kuma bokitin lita 20 za ki yi. Ninki 10 ke nan. Sukari kofi 15. Maimakon ki tsaya ƙirga kofi 15, ki ce 15 sau giram 200, kilo 3. Idan a robobin 35cl za ki ɗura, mil 20,000 a raba da 350 zai ba ki roba 57, in na 50cl ne roba 40. Da wannan za ki san kuɗin kowace roba tun kafin ki ɗora tukunya. Waɗanda za su shiga firiza kada ki cika su har baki, ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, ya kumbura robar ko ya ture murfin.

A nan ne ɗan bambancin nan na mil 10 yake girma. A kofi 2 ba a ganinsa. A kofi 24 ya zama mil 240, cikakken kofi guda. Don haka in za ki ninka haɗin Amurka, ki tsaya kan 240 daga farko har ƙarshe.

Gishiri, yaji, citta, kanumfari, kada ki bi lissafi ido rufe. Ki zuba kashi uku cikin huɗu na abin da lissafi ya ba ki, ki ɗanɗana, sannan ki cike.

Mudu da kwano kuwa ba su da adadin da zan ba ki, domin na wannan mai awo ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba, tozon ma hannu-hannu ne. Abin da nake yi, in na auno mudun fulawa ko shinkafar masa a wurin wanda na saba saye, sai in zauna in ƙirga kofi nawa shafaffu ya ba ni, in rubuta da sunan kasuwar. In na canza mai awo in sake ƙirgawa. Inna, da ta gan ni ina wannan ƙirgar a tsakar gida, cewa ta yi, "Mu da munka yi shekara arba'in muna masa, wa ya ba mu kohi?" Gaskiyarta, amma ita ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya ta riƙe duk shekarun nan, ranar da ƙwaryar ta fashe sai da ta yi kwana uku masarta ba ta dawo daidai ba.

9. Rubuta da awon gidanki

Duk haɗin da kika juya kika gwada ya yi kyau, ki rubuta shi a littafi sahu biyu: yadda mai shi ya bayar, da yadda kika auna da kayanki. A saman shafin farko ki sa mil nawa kofinki yake, mil nawa gwangwaninki, wane cokali ne mai zare. Idan kin canza wani abu, ki rubuta watan da kika yi, don ki san ko hunturu ne ko damina.

In za ki tura wa wata haɗin ta WhatsApp, kada ki ce mata kofi 3 ki yi shiru. Ki ce kofi 3 na mil 240, shafaffe, fulawar a tankaɗe. Shi kuma kofin da kika yi wa alama ki rataye shi a ƙusa can sama, nesa da randa, in ba haka ba za ki same shi a hannun yara suna shan ruwa, jan farcen duk sun kankare shi da farce.